In Iska ta Ɗauke, Sai Faifai

A masussukar ƙauyenmu na koyi badminton, kuma ba na jin kunyar faɗa. Fili ne mai tauri a bayan gari, tsakanin wata tsohuwar kuka da gonar gyaɗar Babana, mata sun daɓe shi da ƙafafunsu tun kafin a haifi Innata. Da safe nasu ne, su sussuka gero su sheƙe. In la'asar ta yi sanyi sai mu yara mu share ƙaiƙayi, mu kafa itace biyu, mu ɗaura raga. Wani malamin firamarenmu ne ya zo da wasan daga kwalejin da ya yi, da 'yan raket ɗinsa waɗanda duk sun sha ɗauri. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu da sunan Turawa ba. Raket suka ce rariya. Ƙwallon kuwa, da yake gashin tsuntsu ne aka jera a kan wani ɗan dunƙule, suka ce ɗan tsako. Yanzu birni ya matso, masu yankan fulotai sun kewaye wurin da bulo, amma har yau in na je gida tsofaffi tambayata suke yi ko ina nan ina dukan ɗan tsako.

Ba banza mata suka zaɓi wurin nan ba. Babu katanga, babu danga, iska tana tasowa daga gabas ta ratsa shi kai tsaye. Abin da mai sheƙa take so ke nan: ta ɗaga ƙwarya sama ta tsiyayo gero, tsaba ta faɗo a ƙwaryar ƙasa, iska ta yi gaba da ƙaiƙayi. To abin da ya yi wa mai sheƙa daɗi shi ne masifar mai wasanmu, don ɗan tsako bai fi ƙaiƙayin nauyi da wani abin kirki ba. Ka aika shi gaba, iska ta kai shi gonar gyaɗa. Amma mu ba mu san masifa ba ce, mun ɗauka haka wasan yake a duk duniya. Ga kuma wata ɗabi'a tamu da Malam ya yi ya yi ya kasa raba mu da ita: ba ma canza gefe. Mu 'yan unguwar coci kullum kuka tana bayanmu, 'yan unguwar masallaci kullum suna fuskantar ta, kowa yana ganin in ya bar gefensa ya yi abin kunya. Saboda haka tun ina 'yar mitsitsiya a kuncina na hagu iska take bugawa. Hannuna ya koyi aika ɗan tsako hagu, can wajen layi, iska ta ɗauko shi ta dire min shi daidai inda nake so. Ban taɓa zama na yi tunanin wannan ba, jikina ne ya sani.

Ni ce 'yar farin Innata, wanda ya san gidajenmu kuwa ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta yabona, ba ta zama ta yi hira da ni a gaban mutane. In tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Yau kuma ba mai kula da ke." In ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "waccan". Na san kara ce, haka ta tarar ana yi, amma sanin bai hana abin yi min ciwo ba. Gwaggona, yayar Baba, wadda take zaune a sashen da yake jikin namu, ita ce bakina da kunnena. Ita nake yi wa shagwaɓa, ita take kai saƙo ta kawo tsakanina da matar da muke kwana a gida ɗaya.

Doka ɗaya Inna ta kafa a kan wasan, ta bakin Gwaggo: ba mai zuwa dukan ɗan tsako sai an gama bakacen surfen tuwo. Bakace kuwa ba aikin ƙarfi ba ne. Faifai ne a hannu, ki riƙa kaɗa shi da wuyan hannu, tsaba ta yi ɗan tsalle ta dawo wajenki, dusa ta taru a baki ki karkaɗe ta. In kika sa ƙarfi kin zubar da abincin gida. Ni kuwa ina jiyo ihun 'yan wasa daga masussuka, raina yana tafasa. In na yi garaje Inna ba za ta ce min uffan ba, sai ta zo ta karɓi faifan, ta yi a gabana a hankali, ta mayar min, ta wuce. Na tsani faifan nan kamar me. Sai dai kuma matar nan da ba ta taɓa zuwa kallona ba, ita take jera mana 'yan tsakin a kan tururin tukunyar miya, don gashin ya yi laushi kada ya karye da wuri. Sau da yawa da ƙwallo mai ƙanshin daddawa muke wasa.

Ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba, na iya wasan. Ƙafafuna na yarinyar da ta saba kai abinci gona ne, dantsena na daka. Na cinye 'yan makarantun yankinmu, aka kai ni cikin Kano na cinye na can. Wasannin birnin ma yawanci a harabar makarantu ake yi, ko a wani zaure mai fasassun tagogi da fanka tana juyawa a sama. In ɗan tsako ya kauce kowa ya ce iska ce, ba wanda ya kula da hannuna. Ƙarfi da gudu suka yi ta rufa min asiri. Ina shekarar ƙarshe a sakandare aka aiko cewa ana nemana a sansanin ƙungiyar ƙasa, za a tantance waɗanda za su je gasa a wata ƙasar Afirka. Baba ya yi min addu'a, ya raka ni har Dawanau a bayan motar buhunan wake, daga nan na kama hanya. Lokacin da muka fito, Inna tana tsaye a ƙofar gida tana yi wa akuya faɗa.

Sansanin a wani babban birni yake, can kudu da mu. Ranar da na fara shiga zauren wasan na tsaya cak. Rufi can sama, ƙasa katako da koriyar shimfiɗa, ƙofofi a rufe, ko zaren riga ba ya motsi. A bangon shiga an jera hotunan waɗanda suka riga mu, wasu har sun koɗe. Kocinmu, wani siririn dattijo mai gurguwar Hausa da ya tsinta lokacin da ya yi hidimar ƙasa a arewa, yana cikin hotunan da sumarsa ta samartaka. Yana son tsayar da sababbi a gaban bangon nan ya ba su tarihi. Ya ce su a zamaninsu a mota suke ƙetare iyaka zuwa gasa, su isa da kumburarrun ƙafafu, washegari su shiga fili. Ƙwallon da wasu ƙasashe suke jefarwa bayan wasa, su tsince shi suke yi su yi atisaye da shi. A haka suka sa aka san mu, har ya zama a nahiyar nan duk wanda aka haɗa da Najeriya sai ya sake ɗaure takalminsa. Ya nuna mana matan farko da suka fita, ya ce da yawansu sai da suka yi rigima da gidajensu kafin a bar su su sa rigar wasa, kuma sun dawo da abin nunawa. Bai ɓoye mana sauran ba. Ya ce ranar da ya fara karawa da ɗan Asiya, kafin gumi ya keto masa an tashi wasan. Waɗanda suka biyo bayansu sun ɗan matsa gaba, na bayansu suka ƙara, har wasu suka taka manyan filayen duniya.

"Kowane hoto a nan," in ji shi, "bulo ɗaya ya ɗora. Ban tara ku don ku zo ku jingina da bango ba."

Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya ina neman mace mai kama da 'yan garinmu, ban samu ba. Abin bai karya min gwiwa ba, sai ma na lura akwai sauran fili a bangon daga gefen dama.

Gurbin mata ɗaya ne ya rage, a wasan bibbiyu na mace da namiji, mu biyu muke nemansa. Abokiyar takarata wata doguwa ce 'yar birni, wadda tun tana firamare a zaure take wasa. Yarinyar kirki ce, ita ta nuna min yadda ake ɗaure gwiwa da inda ake samun abinci mai yajin da ɗan arewa zai iya ci, kuma ba ta da niyyar bar min komai.

A wasan farko na ɗaga ɗan tsako sama, bugun da na fi taƙama da shi, wanda yake tafiya can ƙurya ya faɗo a tsaye. Na bi shi da ido ina jiran ya karkato. Bai karkato ba. Ya tafi hagu abinsa ya faɗi wajen layi, kusa da jakunkunan mutane. Na sake, haka. Aka canza gefe, har yanzu hagu. Ga wani abin dariya kuma: kafin in fara bugu sai in tsaya da ƙwallo a hannu, in ɗan karkata kunci, ina jiran iska ta lafa kamar yadda muke yi a gida. Sai da Koci ya ce, "Ke, wa kike jira?" Aka kwashe da dariya. Daga ranar kowa ya koma tsokanata da mai jiran iska.

Da na ba Koci labarin masussuka da kuka, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya daina. Ya ce ƙafafuna sun fi na kowa a zauren, amma ba zai hau jirgi da mai raba wa abokan hamayya maki kyauta ba. Zuwa ƙarshen sansani in hannuna bai miƙe ba, doguwar ce za ta tafi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Na dage. In riga kowa zuwa, in ajiye bokiti a ƙurya in yi ta auna shi. In ina sane, ina yi a hankali, ɗan tsako yana faɗawa ciki. Da wasa ya yi zafi tunani ya gudu, sai hannun masussuka ya dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da aka yi shekaru ana dasawa kuma ba a tumɓuke shi a 'yan makonni. Na fusata da kowa: da Malam da bai tilasta mana canza gefe ba, da kuka, da gabas ɗin kanta. Tsoro kuma ya kama ni, na in koma ƙauye in sauka daga mota a ce yaya aka yi, in ce iska ce babu.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci na kira Gwaggo. Na san a irin wannan lokaci suna tsakar gida, na kuma san Gwaggo ba ta amsa waya sai ta buɗe murya kowa yana ji. Na zayyana mata komai.

Gwaggo ta ce, "To ke 'yar nan, ba sai ku buɗe taga ba?"

Na ce, "Gwaggo, ba a buɗewa, doka ce."

Ta ce, "Ikon Allah! Mutane su gina ɗaki su hana iska shiga, sannan su ce wasa suke."

Tun ɗazu ina jin ƙarar faifai a bayanta. Sai ƙarar ta tsaya, muryar Inna ta fito. Ba da ni take ba, da Gwaggo take.

"Yaya, tambayi waccan. Ranar da iska ta ɗauke a masussuka, ta taɓa ganin mun kwana da yunwa?"

Gwaggo ta maimaita min kamar ban ji ba. Na ce a'a.

"To me muke yi? Tsayawa muke da ƙwarya a sama muna kallon gabas?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"A ajiye ƙwarya a ɗau faifai. Wanda ba shi da iska ba ya ɗaga hatsinsa sama. Ta yi kusa da jikinta, da wuyan hannu. In kuwa ta manta, to ban san me ta yi shekara da shekaru tana yi a tsakar gidan nan ba."

Faifan ya ci gaba da ƙara. Gwaggo ta ce, "Kin dai ji," ta shiga ba ni labarin wata tunkiya da ta haifi biyu.

Da farko haushi na ji. Ina kuka da abin da ya dame ni, tana yi min zancen dusa. Sai da na huce na gane ba cewa ta yi in gyara bugun sama ba, cewa ta yi in bar shi. A wasan mace da namiji dama aikin a rabe yake: namiji yana baya yana kirɓa, mace tana gaba a bakin raga tana tare gajeru. Ni ƙarfin dantse ne yake ja na baya, don a gida mai ƙarfi ake tsayarwa can, a bar wa ƙanana bakin raga. Washegari na je na tsaya a gaba, na sassauta riƙon raket, na bar shi a kan yatsu yadda ake riƙe bakin faifai. Ɗan tsako ya zo, na ɗan kaɗa wuyan hannu, ya hau kan raga ya yi tangal-tangal ya gangara ta can. Na sake, ya sake. A wannan 'yar tazara babu inda zai sami damar kaucewa hagu. Hannuna kuma bai yi baƙunta ba ko kaɗan, ya san daidai ƙarfin da zai sa abu mara nauyi ya yi ɗan tsalle ya sauka inda aka ce masa.

Koci ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "A gida ne."

Ya ce to in daina ɓoye kayan gida. Ya sa aka riƙa jefo min ƙwallo a raga har sai hannu ya gaji. Shi ya gyara min tsayuwa, ya koya min riƙe raket kullum a ɗage a gaban fuska, da karanta kafaɗar mai bugu tun kafin ya buga. Doguwar tana gani, ta zo ta ce in nuna mata yadda nake yi. Na nuna mata tsakani da Allah. Ta gwada, ta ce zai ɗauke ta lokaci. Na ce ni ma haka ya ɗauke ni.

Ranar tantancewa aka ba kowaccenmu namiji, in an gama zagaye a musanya, don kada wata ta ce abokin wasanta ne ya ja mata. Doguwar ta san ciwona, sai ta yi ta ɗaga ƙwallo ta bayana don ta kore ni daga raga. Duk lokacin da na biye mata na koma baya na ɗaga, ɗan tsakon hagu yake nufa. Zagayen farko ita ta ci. A na biyu na gaya wa abokin wasana da Turancina na ƙauye cewa duk abin da ya wuce kaina nasa ne, ko da numfashinsa zai ɗauke. Na kafe a gaba. Ta sako gajere, na mayar mata da wanda ya fi shi gajarta. Dole ta ɗaga, na bayana ya kirɓa. Haka muka yi ta yi har muka ci wannan. A zagaye na ƙarshe, maki ɗaya ya rage mana, ta aiko wani mai kyau ƙwarai yana shafar raga. Da a farkon zuwana ne da na kwashe shi sama da ƙarfi na ba iska amana. Na miƙa raket, na kaɗa kamar mai karkaɗe dusa daga bakin faifai. Ya bi ragar a kwance ya faɗi a ƙuryarta ta gaba. Ta zagayo ta rungume ni tana hawaye, ni ma na yi, don na san abin da na karɓe mata. Koci bai yi dogon jawabi ba. Ya ce, "Mai jiran iska, kina da fasfo?"

Na je, na buga, da kore da fari a jikina. Muka shiga fili a jere a bayan tuta, aka fara wasa. Mun fitar da waɗanda aka fara haɗa mu da su, daga baya muka gamu da waɗanda suka fi mu, muka ba su wahala, suka sallame mu. Ba mu dawo da kofi ba. Amma na ɗora bulona, kuma bayan wannan na sake fita, ba sau ɗaya ba. Bugun saman ma a hankali ya miƙe, sai dai ba da shi aka san ni ba. Hotona yana bangon nan daga gefen dama, na yi ɗaurin ɗankwali irin na garinmu, don duk wata da za ta zo neman fuska ta samu.

Na dawo daga tafiyar farko ana tsakiyar kaka. Na tarar da mata a masussuka, na ajiye jakata na durƙusa na gaishe su. Aka yi ta guɗa. Inna ta amsa gaisuwar da "Lafiya" guda ɗaya tana kallon ƙwaryarta. Wani cikin tawagarmu ya ɗauki bidiyon wasanmu ya turo min a waya, da Gwaggo ta ji haka ta ce gani ya kori ji. Mata suka ajiye taɓare suka yi cincirindo a kaina, ana ta "Ga ta nan! Wai ita ce wannan?" Wata ta ce ɗakin ya fi cocinmu da masallacin Juma'a in an haɗa. Wata ta ce ita dai tausayin ɗan tsakon take ji. Inna tana can gefe, ta ba mu baya, tana sheƙa.

Sai Gwaggo ta karɓi wayar, ta taka har inda take, ta kanga mata ita a fuska. "Ke dai kalla. Ba ita za ki kalla ba, ɗakin za ki kalla."

Inna ta sauke ƙwarya. Daidai wurin da nake bakin raga ne, an sako gajere na mayar, an sake na mayar. Na ga idonta ya bar fuskar da take cikin wayar ya koma kan hannun. Na ga wuyan hannunta na dama, a jikin zaninta, yana ɗan kaɗawa tare da nawa. Ta ce a mayar baya. Gwaggo ba ta iya ba, ni na zo na mayar, na tsaya kusa da ita yadda ban taɓa tsayawa a gaban mutane ba. Ta sake kallo har ƙarshe.

"Wannan hannun ai nawa ne," in ji ta.

Ba Gwaggo ta gaya wa ba, ba randa ba. Ni ta kalla. Sannan ta tuna da mutane, ta ja gefen ɗankwali ta rufe baki, mata suka sa mata shewa. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, ta ɗaga sama, ta tsaya tana jiran iska.